Gwangwanin Bayan Randa

Na dawo daga filin Giginya ina ɗingishi,
farar rigar horo a dunƙule cikin leda,
ƙaurina ya kumbura kamar an cusa masa goruba,
cinya ta yi tsami, kafaɗa ta ƙi ɗaguwa.
Inna ta dube ni ta ja tsaki:
"Ɗiya mace da shuri awa jaki."

Kaka Nomau bai tanka ba.
Yana bakin zaure, hannun dama bisa gwiwa,
hannun da ya sha naɗin zare shekara goma sha tara,
yatsun sun karkace, ba sa iya ɓalle maɓallin riga.
Sai da ya gama tauna goronsa ya ce,
"Luba, ɗauko min gwangwanin bayan randa."

Gwangwanin madara ne, tsatsa ta cinye sunan.
A ciki man kaɗanya ne da ya koma launin jar ƙasa,
an daka masa citta da kanumfari,
masoro kaɗan, barkono ɗan mitsitsi,
da wani abu guda da ya ce ba zan ji sunansa ba
sai ranar da na kai wata ƙasa.

Na ce malaminmu ya ce ƙanƙara ake sawa.
Ya ce, "Ƙanƙara? A Rijiyar Ɗorowa?
Da wace wutar?"

Ya ɗora gwangwanin gefen garwashi har man ya saki jiki.
Ya matse tsumma a ruwan ɗumi ya gasa wurin,
sannan ya lakato da babban yatsa.
"Ba a murza taruwar jini," in ji shi,
"kewaya ta akai, awa mai bin surukinai bashi.
Tsoka kuwa, bi ta yadda Allah Ya shimfiɗa ta.
Inda fata ta tsage, kauce."

Da fari ban ji komai ba.
Can sai wani abu ya farka a ƙarƙashin fata,
ya yi miƙa, ya hura murhu,
ya bi jijiya yana buɗe ƙofofin da na kulle tun la'asar.
Na cije leɓe.
Hawaye suka fito ba su nemi izinina ba.

"Kuka kikai?"
"A'a, kanumfari ne."
"Hakanan nic ce ma ubangidana a Shuni
ranar da wani bahago ya zubar min da haƙori biyu."

Ya tambaye ni ko da gaske ne muna sunkuya wa juna
kafin mu fara dukan juna.
Na ce da gaske ne.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Su kalangu ne ke kiran sunan mutum,
mahauta su yi da'ira, a zuba ƙasa a ka,
babu mai gaida wanda ya zo kashe shi.
Amma ya ce in sake nuna masa yadda nake juya ƙugu,
na nuna da ƙafar da ba ta ciwo,
ya ce, "Kin bar haɓarki a fili. Ko makaho ya same ta."

Gobe a aji za a matsa daga kusa da ni,
hijabina da littafin lissafi duk warin citta.
Ban damu ba.

Da ya zo rufe gwangwanin murfin ya suɓuce,
ya gangara har gindin turmi.
Na ga yatsun suna rawa.
Na ɗauko murfin, ban mayar ba.
Na lakato ragowar man, na kama hannun nan,
mai nauyi kamar taɓarya, gaɓoɓin duk ƙulli,
na fara kewaya su ɗaya bayan ɗaya
yadda ya koya min ɗazu.

Ya kau da kai wajen titi, inda masu kabu-kabu ke wucewa.
An jima ya ce, ba tare da ya waiwayo ba,
"Sannu-sannu, yarinya.
Wanga ya daɗe bai ji zafi ba."